Haƙƙin Wanda Ake Tuhuma da Fyaɗe: Yadda Magabata Suka Yi Shari'a

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya haramta zalunci a tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ƴan'uwa, akwai tambayar da ta sha zuwa mana bayan karatun magariba, wani lokaci daga dattijo, wani lokaci daga ɗalibi. Ana cewa: mutumin da aka kama bisa zargin fyaɗe, ya halatta a ɗaukar masa lauya? Shi lauyan da ya tsaya masa, kuɗin da ya karɓa halal ne? Mun san abin da ke jawo tambayar. Fyaɗe ɓarna ce mai ƙona rai, duk mai ƴa ko ƙanwa in ya ji labarinsa zuciyarsa tafasa take yi. To amma kafin mu ba da amsa, mu waiwaya mu ga yadda magabata suka yi da irin wannan ƙara tun daga Madina. Abin da za mu tarar shi ne, sauraron wanda ake tuhuma yana cikin haƙƙin ita kanta wadda aka zalunta, domin ta nan ake kaiwa ga ainihin mai laifin.

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga sahabi Wa'ilu ɗan Hujru, Allah Ya yarda da shi, cewa a zamanin Annabi (SAW) wata mata ta fito za ta sallah, sai wani mutum ya tare ta a hanya, ya fi ƙarfinta, ya yi mata fyaɗe. Ta yi kururuwa, ya gudu. Jama'a suka zo, ta gaya musu, suka bazama suka kamo wani mutum suka kawo mata, ta ce shi ne. A wasu ruwayoyin an bayyana cewa da duhun asuba abin ya faru, kuma wanda aka kama ɗin shi ne ya fara kawo mata ɗauki, yana bin mai laifin da gudu ne aka cafke shi. Aka kai shi gaban Annabi (SAW). Ana dab da zartar da hukunci sai ainihin mai laifin ya miƙe ya ce shi ne ya aikata. Annabi ya sallami matar da addu'ar gafara, ya yi wa wanda aka kama bisa kuskure magana mai daɗi. Game da wanda ya amsa laifin kuwa ruwayoyi sun saɓa: a wata an yi umarni a jefe shi, a wata an bar shi saboda girman tubarsa.

Ku duba fa da kyau. Matar nan ba ƙarya ta yi ba, an yi mata abin da ta faɗa, kuma ba a hukunta ta don ta nuna wanda ba shi ba. Jama'ar da suka bi gudu su ma taimako suka yi niyya. Duk da haka wanda suka riƙe ba shi ne mai laifin ba. Da a ce sun gama da shi a kan hanya da sanduna, kamar yadda ake yi a wasu unguwanninmu yau, da jinin bawan Allah ya hau kansu, shi kuwa azzalumin ya koma gida ya kwanta. Abin da ya tsare su shi ne sun kai mutumin gaban mai shari'a da ransa.

Tun kafin wannan, Alƙur'ani ya ba mu ƙissar Annabi Yusufu (AS), wanda matar mai gidansa ta zarga da neman ta da alfasha. Ya musa, kuma aka saurare shi. Wani daga dangin matar ya ce a duba rigarsa, ta gaba ta yage ko ta baya. Aka ga ta baya ne, ma'ana yana gudu aka fizgo shi. Malamai sun kafa hujja da wannan a kan aiki da alamun da ke kewaye da ƙara. Amma da yake gidan mai mulki ne, sai aka jefa Yusufu kurkuku ya yi shekaru. Shi ya sa ranar da sarki ya aiko a fito da shi, ya ƙi fita sai an sake bincike an wanke sunansa.

A Madina kuma, a shekara ta 5 ko ta 6 bayan hijira, aka yi wa Uwar Muminai Nana A'isha ƙage tare da sahabi Safwanu ɗan Mu'aɗɗal. Kusan wata guda magana na yawo daga baki zuwa baki, har Allah Ya saukar da ayoyin Suratun Nur Ya wanke ta. A surar nan ne hukunci ya tabbata: wanda ya jefi mai kamun kai da zina bai kawo shaidu 4 ba, bulala 80 ce, kuma a daina karɓar shaidarsa. Sayyidina Umar ya yi aiki da wannan a shekara ta 17, lokacin da aka zargi gwamnan Basra, Mugira ɗan Shu'uba. Mutum uku suka ba da shaida, na huɗun, Ziyadu, ya ce shi bai ga ainihin aikin ba. Umar ya yi wa ukun bulala.

A nan ne wasu ke yin kuskure babba, su ce ashe matar da aka yi wa fyaɗe sai ta kawo shaidu 4 ko ta yi shiru. Ba haka fiƙihu ya ce ba. Shaidu 4 sharaɗi ne na tsai da haddin zina. Ƙasa da haddi akwai ta'aziri, wato horon da alƙali ke yankewa gwargwadon hujjar da ta tabbata, akwai kuma biyan haƙƙi. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179, ya kawo cewa Umar ya yi wa wani bawa bulala ya kore shi daga gari saboda ya tilasta wa wata baiwa, ita kuwa bai taɓa ta ba. Ya kuma kawo cewa halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya hukunta wanda ya yi wa mace fyaɗe da biyan ta sadakinta. Ibnu Abdil Barri, malamin Andalus da ya rasu a 463, ya bayyana a cikin Istizkar cewa in shaidu ko iƙirari sun tabbata haddi ne, in ba su kai ga haka ba akwai uƙuba, kuma kururuwar mace da neman agajinta alama ce ta tilastawa. Alƙali Abubakar ɗan Arabi na Ishbiliya, wanda ya rasu a 543, ya ba da labari a cikin Ahkamul Ƙur'an cewa an kawo masa ƴan fashi da suka ƙwace wata mata daga ayari. Wasu masu fatawa suka ce wannan ba fashi ba ne, tunda ba dukiya aka ƙwata ba. Ya yi musu raddi mai zafi, ya nuna musu fashin mutunci ya fi na dukiya muni.

Tunda hukuncin yana da nauyi haka, dole hanyar kaiwa gare shi ta zama mai tsauri. Annabi (SAW) da ya aiki Sayyidina Ali Yaman ya hore shi kada ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin ɓangare na biyu. Umar a wasiƙarsa ga Abu Musal Ash'ari, wanda shi ya gaji Mugira a Basra, ya umarce shi ya daidaita masu shari'a a zama da kallo, ya ɗora wa mai ƙara kawo hujja, ya ba wanda ya ce hujjarsa na nesa lokaci ya kawo ta. An kuma ruwaito daga Umar cewa mutumin da aka ɗaure, ko aka doka, ko aka hana abinci, ba a dogara da abin da ya amsa a kan kansa. Haka Mudawwana ta kawo daga Malik, cewa iƙirarin da aka samu da tsoratarwa ba a tsai da haddi da shi.

Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751, ya kawo wata ƙissa a littafinsa Aɗɗuruƙul Hukmiyya. Wata mata ta so wani saurayi daga Ansaru, ya ƙi ta. Sai ta zuba farin ƙwai a tufafinta da jikinta, ta zo wa Umar tana kuka cewa ya yi mata fyaɗe. Umar ya yi niyyar hukunta shi, saurayin ya roƙi a yi bincike. Ali ya sa aka kawo tafasasshen ruwa aka zuba a kan tufar, farin nan ya daskare, aka gane ƙwai ne, ita ma ta amsa. Kada wani ya ɗauki wannan ƙissa ya ce mata maƙaryata ne, domin matar da muka fara da ita gaskiya ta faɗa. Darasin shi ne an bar wanda ake tuhuma ya yi magana, kuma an gwada hujja da ilimin da ake da shi a lokacin. Aikin da likita ke yi yau a asibiti jikan wannan ne.

Malaman mazhabarmu sun tsara wannan babi dalla-dalla. Ɗalibanmu da suka kai Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 829, za su tarar da fasali a kan ƙarar fyaɗe. Ana duba ko matar ta zo nan take tana riƙe da mutumin, da alama a jikinta, ko sai daga baya. Ana duba shi ma wanda ake tuhuma: sananne ne da kirki, ko da fasiƙanci, ko ba a san halinsa ba. Sannan akwai abin da ake kira i'izari. Kafin alƙali ya yanke hukunci sai ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran hujja, a sanar da shi waɗanda suka yi shaida a kansa, a ba shi lokaci ya soki shaidarsu in yana da abin suka. Hukuncin da aka yanke ba tare da i'izari ba, warware shi ake yi.

To, lauya fa? Wakilci a gaban alƙali tsohon abu ne. Baihaƙi ya ruwaito cewa Ali yakan wakilta ɗan'uwansa Aƙilu ya tsaya masa a shari'a, daga baya ya wakilta Abdullahi ɗan Ja'afar. Gaskiya ne galibin wakilcin nan a kan dukiya ne. A shari'ar haddi kuwa, alƙali da kansa ke neman wa wanda ake tuhuma mafita, kamar yadda Annabi (SAW) ya yi ta kau da kai daga Ma'izu, yana tambaya ko yana da taɓin hankali, ko ya sha giya. A ƙasashenmu yau kotun gwamnati ce ke shari'ar fyaɗe, da dokoki rubutattu, da harshen da talaka sau da yawa ba ya ji. Mai gabatar da ƙara masanin doka ne. Wanda aka tsayar gabansa ba mai yi masa bayani, to i'izarinsa ya zama suna kawai. Lauyan da ya tsaya don a tabbatar an bi ƙa'ida, an gwada shaida, ba a karɓi iƙirarin duka ba, aikin halal yake yi.

Amma akwai iyaka, kuma Alƙur'ani ne ya shata ta. A Suratun Nisa'i, daga aya ta 105, an hana tsaya wa maha'inta. Malaman tafsiri sun ce ayoyin sun sauka ne a kan wani daga Banu Ubairiƙ da ya saci sulke, danginsa suka nemi kare shi su ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba. Ummu Salama ta ruwaito gargaɗin Annabi (SAW) cewa wani yakan fi wani iya tsara magana, kuma wanda aka yanka masa haƙƙin ɗan'uwansa ta haka, yankin wuta aka ba shi. Saboda haka lauyan da ya ƙirƙiro ƙarya, ko ya sayi shaida, ko ya tsorata yarinya da iyayenta, ko ya ɓata mata suna alhali ya san gaskiya take faɗi, ya ci haram, shi da wanda ya biya shi.

Mu kuma jama'a, kuskurenmu biyu ne. In talaka ko baƙo aka zarga, sai duka, sai yaɗa hotonsa a waya kafin a kai shi ofishin ƴan sanda ko jandarma. In mai kuɗi ne, ko malami, ko ɗan gida, sai a ce a rufa asiri, a ba iyaye ɗan abin hannu, har wani ya buɗe baki ya ce in ɓera da sata daddawa ma da wari. Wannan karin magana ba ta da gurbi a nan. Duka biyun gudun shari'a ne, kuma a duka biyun wadda aka zalunta ce ke asara. In abu ya faru, a gaggauta kai ta asibiti kafin alama ta gushe, a kai ƙara, a tsaya mata har ƙarshe. Shi kuma wanda ake tuhuma a miƙa shi ga hukuma da lafiyarsa, a bar shi ya samu mai tsaya masa. Wanda ya ga wani abu da idonsa ya je ya ba da shaida, wanda bai gani ba ya kama bakinsa.

Allah Ya tsare mana ƴaƴanmu mata da maza, Ya tona asirin azzalumai, Ya kuɓutar da wanda aka ƙulla wa sharri. Allah Shi ne Mafi sani.