Idan Kiɗa Ya Canja: Ƙungiyar Genesis Tsakanin Faya-fayenta na Farko da na Baya

Gabatarwa

A tarihin kiɗan Turawa na ƙarni na 20, da wuya a samu ƙungiyar da ta raba kan masoyanta gida biyu kamar Genesis ta ƙasar Ingila. Wani ɓangare yana ganin cewa Genesis ta gaskiya ta mutu tun 1975, shekarar da jagoran waƙarta Peter Gabriel ya fice, kuma duk abin da ya biyo baya neman kasuwa ne tsagwaronsa. Ɗaya ɓangaren, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, bai ma san da zaman ƙungiyar ba sai a shekarun 1980, sa'ad da muryar Phil Collins ta mamaye gidajen rediyo. Wannan maƙala za ta nuna cewa sauyin ya auku, an kuma yi hasara a cikinsa, amma ɗora alhakinsa a wuyan Collins shi kaɗai rashin adalci ne ga tarihi.

Tushe da Zamanin Dogayen Waƙoƙi

An kafa Genesis a 1967 a Charterhouse, wata makarantar kwana ta 'ya'yan masu hali da ke lardin Surrey. Cikin ɗaliban da suka kafa ta akwai Gabriel, da Tony Banks mai kaɗa fiyano, da Mike Rutherford da Anthony Phillips masu kaɗa jita. Abin da masu suka kan manta shi ne, burin waɗannan samari na farko shi ne su riƙa tsara gajerun waƙoƙi wasu mawaƙa suna rerawa. Faifansu na fari, From Genesis to Revelation na 1969, gajerun waƙoƙi ne, kuma bai yi kasuwa ba ko kaɗan.

Daga Trespass na 1970 ne suka rungumi salon rok mai dogon zango, wanda ƙungiyoyi irin su King Crimson da Yes suka shahara da shi. A wannan salo, waƙa ɗaya kan ratsa matakai da dama, kari yana sauyawa, kiɗa yana jan dogon lokaci babu murya. Collins ya shigo a matsayin makaɗin ganga a 1970, Steve Hackett ya biyo shi da jitarsa ba da jimawa ba. Waɗannan mutum biyar ne suka yi Nursery Cryme a 1971, da Foxtrot a 1972, wanda ke ɗauke da “Supper's Ready” mai tsawon kusan minti 23, da Selling England by the Pound a 1973, sai kuma tagwayen faifai The Lamb Lies Down on Broadway a 1974.

Jigogin wannan zamani daga adabi aka tsamo su: tatsuniyoyin Girkawa, da littafin Wahayi na Baibul, da barkwancin Ingilishi, da jimamin yadda al'adun Amurka ke cinye na Ingila. A kan dandamali Gabriel yakan fito da shigar ban mamaki, yau kan yanyawa bisa jar rigar mata, gobe siffar fure, yana ba da labari kafin kowace waƙa. Sai dai yabo bai cika aljihu ba. A Beljiyam da Italiya suka fara samun karɓuwa kafin gida, kuma sa'ad da Gabriel ya tafi, bashi ya yi wa ƙungiyar katutu.

Shekarun Tsaka-tsaki

Da a ce ficewar Gabriel ce ta kashe tsohon salo, da an ji haka nan take. Bayan an gwada mawaƙa masu yawa ba a dace ba, Collins ya karɓi makirufo, aka fitar da A Trick of the Tail da Wind & Wuthering duk a 1976. Faya-fayen biyu cike suke da dogayen waƙoƙi da labaran ƙirƙira, kamar dai waɗanda suka gabace su. Shi kansa Collins a lokacin yana kaɗa ganga a ƙungiyar Brand X, mai kiɗan jaz mai sarƙaƙiya wanda babu ruwansa da kasuwa.

Giɓin da ya fi tasiri ga sauti shi ne tafiyar Hackett a 1977. Da shi aka rasa tattausar jitar nan mai kawo wa mai sauraro iskar karkarar Ingila. A daidai lokacin kuma guguwar kiɗan fank na matasa, wato gajerun waƙoƙi masu zafi irin na Sex Pistols, ta taso tana yi wa dogayen waƙoƙi ba'a. Mutum ukun da suka rage suka saki “Follow You Follow Me” a 1978, gajeriyar waƙar soyayya da ta kai matsayi na 7 a Birtaniya. Rutherford, ɗaya daga waɗanda suka kafa ƙungiyar, shi ya rubuta baitocinta. Faifan Duke na 1980, wanda shi ne na farko da ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, ya nuna zuciya biyu da suke ciki: sun tsara wani dogon kiɗa na kusan rabin sa'a, daga bisani suka yanyanka shi suka watsa cikin faifan.

Sabuwar Hanyar Ƙirƙira

Babban juyi ya zo ne da Abacab a 1981, faifan farko da suka naɗa a ɗakin naɗar sauti nasu na kansu a Surrey. A da, kowa kan zo da abin da ya tsara a gida, a haɗa a jera. Yanzu kuwa, tun da babu mai ƙirga musu kuɗin haya, sai su shiga hannu rabbana, su kunna na'urar ganga, su yi ta kaɗawa har waƙa ta fito. Tun daga faifan 1983, kowace waƙa da sunan su ukun take fita. Wannan hanya ta sa kari ya zama ginshiƙi, baitoci suka koma bin bayansa, labari kuma ya ragu. Buɗe tashar MTV a 1981 ya ƙara wa gajeriyar waƙa mai bidiyo daraja.

Sakamakon ya bayyana a Invisible Touch na 1986: waƙoƙi biyar daga cikinsa suka shiga sahun biyar na farko a Amurka, ɗaya ta kai ƙololuwa. Abin lura shi ne, waƙar da ta sauke ta daga matsayi na ɗaya ita ce “Sledgehammer” ta Gabriel. Mutumin da ake kuka da tafiyarsa shi ma ya bi hanyar da zamani ya shata.

Abin da Aka Rasa da Abin da Ya Saura

Tsawon waƙa bai ɓace ba. “Domino” ta 1986 ta haura minti goma, haka ma “Driving the Last Spike” a faifan We Can't Dance na 1991, wadda ke ba da labarin leburorin da suka shimfiɗa layin dogo a Birtaniya a ƙarni na 19, kuma Collins ne marubucin baitocinta. Sarƙaƙiyar kari ma tana nan: “Turn It On Again” ta 1980, duk da farin jininta a rediyo, a kan bugu goma sha uku aka gina ta.

Abin da ya tafi shi ne baƙuntar nan ta faya-fayen farko, wato duniyar mafarki da ke sa mai sauraro ya kasa hasashen abin da zai biyo baya. Sautin na'urorin shekarun 1980 ya tsufa da wuri, alhali Selling England by the Pound har gobe sabo yake a kunne. A gefe guda, faya-fayen baya sun sami abin da na farko suka gaza: magana kai tsaye a kan rabuwar aure, da kaɗaici, da fargabar yaƙin cacar baka, cikin harshen da talaka zai gane.

Kammalawa

Da Collins ya fice a 1996, Banks da Rutherford sun sami damar komawa salon 1973 idan har shi ne ya hana su. Ba su koma ba. Calling All Stations na 1997, da sabon mawaƙi Ray Wilson, ya ci gaba da tsarin baya, kuma rashin karɓuwarsa a Amurka ya sa aka soke rangadin can. Wannan ya tabbatar da cewa sauyin shawarar mutum uku ce, biyu daga cikinsu kuwa su ne suka fara da mafarkin gajerun waƙoƙi tun suna ɗalibai. Mai son faya-fayen farko yana da hujjar fifita su, domin a nan ne ƙungiyar ta yi abin da babu wanda ya yi irinsa. Amma kalmar cin amana ba ta dace da mutanen da suka koma ga burinsu na asali ba. A wasansu na ƙarshe a Landan, ranar 26 ga Maris 2022, Collins yana zaune a kujera saboda rashin lafiya, ɗansa yana kan ganga, sun kaɗa waƙoƙin zamanin biyu a dare guda, Gabriel kuwa yana cikin 'yan kallo.