Bazara Da Manoman Cikin Ganuwa: Waiwaye Kan Tarihin Shuka A Birnin Zazzau

A kowace shekara, da zarar watan Afrilu ya raba tsakiya, sai wayoyi su fara shigowa gida daga Legas da Abuja da Fatakwal, kuma tambayar ɗaya ce: "An yi ruwa a birni?" Idan aka ce an yi, kafin la'asar kuɗin iri da na taki sun iso, tare da umarnin a yi maza a shuka kada a makara. Wannan zumunci ne abin yabo, Allah ya saka da alheri. Sai dai sau da yawa nakan ga kuɗin nan sun bi ruwa, domin an yi shuka a kan ruwan da iyayenmu ba za su ɗauki sungumi dominsa ba. Shi ya sa na ga ya dace a fitowar bana mu ɗan waiwaya, mu ga yadda mutanen cikin ganuwa suka zauna da bazara tun zamanin kakanni.

Birnin Da Ke Da Gonaki A Cikinsa

Waɗanda suka gina ganuwar Zariya, wadda kewayenta ya kai tsakanin kilomita 14 zuwa 16, sun kewaye fili mai yawa fiye da abin da gidaje ke bukata. Hikimar ita ce, in abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya, a samu inda za a yi noma da kiwo ba tare da an fita ƙofa ba. Baturen nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, da ya shigo Zariya a daminar 1826, ya rubuta cewa ya tarar da gonakin hatsi da fadamu da dogayen itatuwa a cikin birnin. Har zuwa ƙuruciyarmu, wanda ya nufi Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana ko Ƙofar Kona, sai ya ratsa gonaki kafin ya kai ga ganuwa.

Noman birni kashi uku ne. Akwai gonar tudu ta gero da dawa da wake da gyaɗa. Akwai lambun fadama a bakin Kamacha da Kubanni da Galma, inda ake ban ruwa da jigo a noma albasa da tumatir da barkono da rake. Sa'an nan akwai garka ta bayan gida, wadda galibi tsofaffi da mata ke kula da ita, mai kuɓewa da rama da yakuwa da kabewa da lalle. Malami da maɗinki da marini da ɗan kasuwa, kusan kowa yana da hannu a ɗaya daga cikin ukun nan, kuma kowannensu yana da nasa fargaba in bazara ta kama.

Halin Bazara

Ƙasar Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 zuwa 1,100 a shekara, mafi yawansa daga Mayu zuwa Satumba, kuma Agusta ne ya fi kowane wata ruwa. Wannan adadi ya ishi hatsi. Matsalar tana wajen shigowar ruwan. A Afrilu da Mayu ne busasshiyar iskar da ke fitowa daga hamada take ja da baya, iska mai lema daga tekun kudu tana turo ta arewa. A inda suka haɗu nan hadari ke haɗuwa, ya taso daga gabas, ya turo iska mai ƙura a gabansa. Ta kan yaye jinka, ta kayar da darni, ta kakkaɓe mangwaro ɗanye, wani lokaci har da ƙanƙara. Ruwan ya zuba da ƙarfi na ɗan lokaci, sa'an nan sama ta washe, rana ta dawo da zafinta. Daga nan ana iya yin kwana goma ko mako biyu ba a ga ɗigo ba. Irin da ya tsiro da wancan ruwa, in lema ba ta ratsa ƙasa ba, sai ya ƙone a rami.

Yadda Magabata Ke Karanta Lokaci

Iyayenmu ba su da ma'aunin ruwa, amma suna da alamomi, kuma ba su dogara da guda ɗaya. Suna lura da zuwan shamuwa da fara sheƙarta a kan itatuwan gari. Suna lura da juyawar iska daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Malaman zaure kuma suna riƙe da lissafin taurari 28, kowane da kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, wanda ya cika kwana 365. Da yake lissafin yana tafiya da shekarar rana, manomi kan je wurin malami ya tambayi tauraron da ake ciki kafin ya taɓa irinsa. Bayan duk wannan akwai gwaji na ƙarshe, wato a je gona da safe a tona ƙasa da hannu. In lema ta tsaya a saman yatsu, mahaifina kan karkaɗe hannunsa ya ce, "Wannan na kwantar da ƙura ne." In ta kai wuyan hannu, sai a kira yara a ɗauko ƙorai.

Dabarun Rarraba Hatsari

Babban abin da na fahimta daga tsarin magabata shi ne, ba su taɓa ɗora abincin shekara a kan shuka ɗaya ba. Gero ake fara jefawa, domin irinsa kaɗan ke cika gona, kuma yana jure ƙishi. Wasu ma sukan yi binne, su zuba shi a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa, suna sane da cewa in ya lalace asarar ba ta da yawa. A nan Zazzau akan shuka shi a gicci, wato layukansa su ratsa kunyoyi da tazara mai faɗi. In ruwa ya zauna sai a bi tsakani da dawa, daga baya a sa gyaɗa da wake. Gero ya nuna a Agusta ya kashe yunwar tsakiyar damina, dawa ta jira har Nuwamba ko Disamba. In farkon damina ya yi gardama dawa ta rufa asiri, in ƙarshenta ya yanke da wuri gero yana rumbu.

Na biyu, ba a fitar da iri gaba ɗaya. Tun ranar girbi ake ware zangarniyoyin da suka fi kyau a ɗaure su daban, a rataye inda hayaƙi ke kaiwa saboda ƙwari. In za a yi shuka sai a raba, a bar na sakewa. Inda shuka ta yi giɓi kuwa, akan jira ranar da aka yi ruwa mai kyau a cire dawa daga inda ta yi cunkoso a yi dashe.

Mai lambu kuma agogonsa daban ne. Shi so yake ya tone albasarsa ya kwashe tumatirinsa kafin ruwan farko, domin albasar da ruwa ya taɓa ba ta ajiyuwa, kuma rafi na iya cika dare ɗaya ya shafe fangali. Mai garka yana sabunta darni tun da rani da karan dawa, ya ƙara masa dirka ta ɓangaren gabas inda iska ke bugowa. A lokacin ne kuma jakuna ke fita da mangaloli cike da toka da kashin awaki zuwa gonaki, magina suna yaɓen soraye da makuba, ana gyara indararo. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada kuma mu manta da abubuwa biyu da suka yi wa birnin hidima ba tare da an gode musu ba. Na farko itatuwa, musamman rimi, wanda yawansa ya sa unguwanni irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko suka samu sunansu. Su da kuka da ɗorawa da tsamiya suna karya ƙarfin iska kafin ta kai ga tsiro. Na biyu kududdufai, waɗanda aka haƙa wajen ɗiban ƙasar gini. Su ke shanye ruwan da ya zubo da gaggawa, su hana shi shiga gidaje, sa'an nan su riƙe shi a shayar da dabbobi da shukar gefensu.

Shekarun Da Aka Gwada Mu

Dabara ba ta hana ƙaddara. A 1913, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, damina ta gaza a faɗin ƙasar Hausa, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba a 1914. Ta fi tsanani a ƙasashen Kano da Katsina da Daura da Damagaram, har jama'a suka riƙa kwararowa kudu neman hatsi. An sake shan wuya a 1927, shekarar da ake kira Mai Buhu.

Wadda na gani da idona ita ce ta 1973, ina ajin ƙarshe na firamare. Sau uku muka yi shuka a gonarmu ta cikin ganuwa. Ta farko ta tsiro ta ƙone. Ta biyu ta fito da kyau, sai wata iska ta taso da yamma ta binne rabinta da rairayi, ruwan da ke bayanta kuma bai taka kara ya karya ba. A tsakanin nan hatsin ci ya yi ƙasa a gida, har aka yi shawarar a sussuke damin irin da ya rage. Kakata ta zauna a bakin rumbu ta ce wa mahaifina, "Malam, in ka ci wannan yau, me za ka ba ƙasa gobe?" Aka yi roƙon ruwa, aka samu, muka yi shuka ta uku da wannan dami. Ba mu cika rumbu ba, amma ba mu sayar da gonar ba, kamar yadda ta faru ga waɗansu maƙwabta. Bayan shekara biyu, a 1975, cutar kuturtar gyaɗa ta cinye gyaɗar Arewa, sa'an nan fari ya dawo a 1983 da 1984, lokacin na riga na fara koyarwa. Na ga yadda aji ke raguwa a watan Yuni, yara sun tafi taya iyayensu sake shuka.

Shaidar Samaru

An kafa tashar binciken aikin gona ta Samaru a 1922, ta zama ɓangaren Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Shekaru masu yawa malaman gona suna ganin cakuɗa amfani a gona ɗaya rashin wayewa ne, suna horon a shuka kowane iri shi kaɗai. A 1966 da 1967 wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, tare da abokan aikinsa, suka bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi suna rubuta aikinsu da abin da suka girba. Sun tarar mafi yawan filayen haɗin amfani ne, gero da dawa ne kan gaba, kuma eka ɗaya ta haɗi ta fi eka ɗaya ta tilon amfani kawo abin hannu, ga shi samunta bai cika hawa da sauka ba daga shekara zuwa shekara. Ashe abin da kakanninmu ke yi lissafi ne, alƙalami kawai ya rasa.

Abin Da Ya Canza

Daga tsakiyar shekarun 1970, da shirin bunƙasa noma na Funtuwa wanda aka fara a 1975, da shigowar takin zamani mai rahusa, masara ta fara ture gero da dawa a wannan yanki. Masara tana da albarka, ba mai musun haka. Amma irinta da takinta kuɗi ne, ba ta jure ɗaukewar ruwa kamar gero, kuma iska na kwantar da ita. Wanda ya shuka ta ita kaɗai da ruwan farko ya zuba jarinsa duka a rami ɗaya. A gefe guda kuma, gonakin cikin ganuwa sun zama filaye an gine, Hanwa da aka yi wancan bincike ta zama unguwa, rimaye da yawa sun faɗi ko an sare ba a maye gurbinsu ba, kududdufai kuma ana cike su da shara ana ɗora tubali. Ruwan da suke shanyewa a da yanzu lungu yake bi, ya shiga zaure.

Kammalawa

'Yan uwana mazauna birane, ba ina kira a koma jigo da jaki ba ne. Yau muna da abin da magabata ba su samu ba: hukumar NiMet tana fitar da hasashen farawar damina a farkon kowace shekara, cibiyar Samaru kuma ta fitar da ire-iren masara da dawa da wake masu saurin nuna. Roƙona guda uku ne. In za ku aiko da kuɗin noma, ku raba shi biyu, ku ce a ajiye kashi ɗaya don sake shuka, kuma ku bar wanda ke tsaye a gonar ya yanke ranar fita, domin shi ke tona ƙasar. Na biyu, kafin a raba gonar gado ko garkar bayan gida a sayar, a zauna a yi shawara, ko da kunya goma ce a bar wa tsofaffin gida. Na uku, ina ba wannan ƙungiya shawarar ta haɗa kai da masu unguwanni a ƙidaya kududdufan da suka rage a nemi hukuma ta hana cike su, sa'an nan kowane reshe ya ɗauki nauyin dasa itatuwa a unguwa ɗaya da kula da su har su kama.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga sharrin iska da ambaliya, ya jiƙan magabatanmu. Amin.