Gizo a Shafin Hoto: Dariya da Tarbiyyar Bi-da-bi ga Yaran Birnin Gwari

Yaron da aka haifa a ƙauyukan Birnin Gwari cikin shekarun nan ya tashi da darasin da ba malami ne ya koya masa ba: mai bindiga ke kora shanu, shi ke karɓar kuɗi kafin manomi ya girbe gonarsa, kuma ba ya jiran kowa. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, ya zama maɓoyar 'yan bindiga, makarantu da dama suka rufe. Tun bayan sulhun ƙarshen 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta garin, hankali ya koma kan gyaran azuzuwa da tura malamai. Wannan maƙala tana duba abin da za a ɗora a hannun ɗan shekara shida idan ya zauna a ajin. A ganina, littafin hotuna mai ban dariya ne ya dace, wanda ke mai da mai son kai abin ba'a, kuma Gizo ne ya kamata ya zama jigonsa.

Irin waɗannan littattafai sun daɗe a wasu ƙasashe. A The Doorbell Rang na Pat Hutchins, wanda ya fito a 1986, yara biyu ne za su raba biskit goma sha biyu, sai baƙi suka yi ta sallama har rabon kowa ya koma ɗaya. A Pig the Pug na Aaron Blabey, ɗan Ostareliya, na 2014, wani kare marowaci ya tara kayan wasansa ya haye kansu don kada abokin zamansa ya taɓa, ya rikito ta taga. Babu wa'azi a cikinsu. Yaro ya yi dariya, ya gane inda aka dosa.

Bahaushe ba ya bukatar aron wannan kare. Akwai tatsuniyar Gizo da hankaki, inda tsuntsayen suka tausaya masa, kowa ya ciro gashi ɗaya aka yi masa fiffike, suka tafi da shi wani ɓaure a tsakiyar ruwa. Da isarsu, duk ɗan ɓauren da hankaka ya nufa sai Gizo ya ce shi ya riga gani, ya cusa a jaka. Da abin ya ishe su, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a kan reshe da jakarsa, ruwa na ƙasa. Duk abin da ake nema yana nan: haɗama, tsamin bakin Gizo da ke sa yara kyakyata, da hukuncin da ya fito daga cikin laifin kansa. Frank Edgar ya tattara irin waɗannan tatsuniyoyi tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya ya kai su aji cikin jerin Tatsuniyoyi da Wasanni, Abubakar Imam kuwa, haifaffen Kagara, maƙwabciyar Birnin Gwari, ya nuna a Magana Jari Ce cewa hikima na shiga kunne da raha. Sai dai duk an yi su ne don wanda ya riga ya iya karatu.

Littafin hotuna aikinsa daban ne, domin rabin labarin a zane yake. A ɗauka rubutun shafi ya ce Gizo ya rantse bai taɓa komai ba, alhali zanen ya nuna kumatunsa sun cika tim, ɓaure na zuba ta hujin jaka, wani hankaka na hararsa ta gefen ido. Yarinyar da ba ta san baƙi da wasali ba ita za ta riga kowa nuna ɗan yatsa ta ce ƙarya yake yi. Ita ta kama shi da idonta. Hukuncin da yaro ya yanke da kansa ya fi zama a zuciyarsa fiye da wanda aka karanta masa a ƙasan shafi.

Akwai masu ƙorafin cewa Gizo yakan sha da laifinsa, kuma suna da hujja: a ci gaban wannan tatsuniya ya yaudari kadoji, ya cinye ƙwansu, ya tsere. Amma marubuci na da ikon tsayawa a kan reshen. Ina ma ganin bai kamata a tsananta hukuncin ba. Yaran da suka ga jini ba sa bukatar a kashe musu Gizo. Kunya ta wadatar.

Wani abin lura shi ne, kyauta daban, bi-da-bi daban. The Rainbow Fish na Marcus Pfister, na 1992, ya sha suka saboda kifin sai da ya rabar da adonsa kafin ya sami abokai. Bi-da-bi ba ya neman yaro ya rasa komai; alkawari ne cewa nasa na zuwa. A kansa adashen iyaye mata ya tsaya, da gayyar noma, da jarkokin da ake jerawa a bakin famfo tun asuba. Ita kanta tatsuniya haka ake yin ta, wannan ya gama wancan ya karɓa. Wannan amana ce rashin tsaro ya fi raunatawa, domin wanda bai da tabbacin gobe ba ya yarda ya jira. Kuma a ajin da yara da yawa ke leƙa littafi guda, buɗe shafin ma sai an yi layi.

Kayan aikin suna kusa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na da masana Hausa da kuma tsohon sashen zane-zane, kamfanin buga littattafai na NNPC na nan a garin tun 1966, shirin African Storybook kuma yana ɗauke da littattafan yara na Hausa kyauta a intanet. Ina kira ga Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta Jihar Kaduna da Masarautar Birnin Gwari su haɗa marubuta da masu zane, a yi wa yaran nan littattafai da gwanki da gada da gwaggon birin dajinsu, a fitar da wasu cikin harsunan Gbagyi da Kamuku, a kai su aji ɗaya da aji biyu tare da allo da kujeru.