Gwamnatin Ƙabilar Miccosukee da Tarihin Hanyar Samunta

Miccosukee ƙaramar ƙabila ce daga cikin 'yan asalin ƙasar Amurka, mazauna fadamar Everglades da ke kudancin jihar Fulorida. Yawansu bai wuce kimanin mutum 600 ba, amma a dokar Amurka al'umma ce mai cin gashin kanta, da kundin tsarin mulkinta, da kotu, da 'yan sanda, da makaranta, da ɗakin shan magani. Gwamnatin tarayya ta amince da hukumarsu ranar 11 ga Janairu, 1962. Hedikwatar tana bakin titin Tamiami, daidai alamar mil na 70, tafiyar kusan mil 40 yamma da birnin Miyami. A yau mai son magana da ita takarda zai aika, ko ya buga waya, ko ya shiga mota ya je. Tsawon fiye da shekara ɗari kafin 1962 babu ƙofar da baƙo zai yi sallama a kanta, kuma da gangan suka bar ta babu.

Asalinsu yana haɗe da mutanen Creek na yankin da ya zama Jojiya da Alabama, sai dai harshensu daban ne, shi ake kira Mikasuki. A ƙarni na 18 suka gangaro arewacin Fulorida, lokacin tana hannun Sifaniya, suka kafa garuruwa a gefen tafkin da har yanzu yake amsa sunansu, kusa da Tallahassee. A 1818 Janar Andrew Jackson ya shigo da runduna ya ƙone garuruwan. Da Amurka ta karɓi Fulorida a 1821, sai ta haɗa duk 'yan asalin yankin a ƙarƙashin suna ɗaya, Seminole, ba tare da duba bambancin harshe ko na shugabanci ba. Wannan kuɗin goro da aka yi musu shi ne tushen rigimar da ta kai su har 1962.

Abin da ya koya musu gudun zama da hukuma ba ɓoyayye ba ne. Dokar kwashe 'yan asalin ƙasa zuwa yamma ta fito a 1830. A 1832 aka sa wa yarjejeniyar Payne's Landing hannu, da sunan wasu shugabanni ƙalilan, aka ce ta hau kan kowa. Yaƙi ya ɓarke a 1835, bai lafa ba sai 1842. A tsakiyarsa, cikin 1837, aka kira jagoran yaƙi Osceola zaman sulhu a ƙarƙashin farar tuta, aka kama shi a wurin, ya rasu a tsare a shekarar da ta biyo. Wani dattijo mai magani ɗan Miccosukee, Abiaka, wanda Turawa ke kira Sam Jones, ya ɗauki darasin da kyau: ya ƙi yarda a yi ido biyu da shi a irin wannan zama, ya ja mutanensa can ƙuryar fadama. Bayan wani yaƙin kuma, daga 1855 zuwa 1858, 'yan ɗaruruwa kaɗan suka rage a Fulorida, ba su miƙa wuya ba, ba su kuma sa hannu a takardar sulhu ba.

Shekara saba'in da suka biyo baya sun yi su ne a kan 'yan tsibirai masu itatuwa a tsakiyar ruwa da ciyawa mai kaifi. Gidansu rumfa ce marar bango, ginshiƙan itace, jinkar ganyen giginyar yankin, da dandamalin katako a ɗage sama da ruwa. Tafiya kuwa a kwalekwalen da aka sassaƙa daga gungume ɗaya, ana tura shi da gora. Suna da mulki, kuma mai ƙarfi, sai dai ba irin wanda jami'i zai gane ba. Ɗa dangin uwarsa yake bi, dangogin suna da sunaye irin su Damisa da Tsuntsu da Iska, kuma kawu yana da ta cewa a kan tarbiyyar yaro. Manyan shari'u sai lokacin bikin sabuwar masara na shekara-shekara, inda majalisar dattawa masu magani ke zama ta yanke hukunci. Ba ofis, ba magatakarda, ba mutum guda da zai ce da yawun kowa yake magana. Hulɗarsu da waje ta tsaya ga 'yan kantunan bakin fadama, inda suke kai fatun kada da gashin tsuntsu su karɓo yadi da harsashi.

Titi ne ya iske su. An kammala titin Tamiami mai haɗa Tampa da Miyami a 1928, ya ratsa fadamar ya tare gudun ruwa. Magudanan da aka haƙa don busar da ƙasa suka kashe hanyoyin kwalekwale, farauta ta yi ƙasa. Iyalai suka fito bakin titi suna sayar wa masu yawon buɗe ido ɗinkin hannu da 'yan tsana. A watan Fabrairun 1936 gwamnan Fulorida, David Sholtz, ya zo da muƙarrabansa ya zauna da su a gefen wannan titi, ya tambaye su abin da suke buƙata. Amsar da suka bayar ita ce a ƙyale su. Ba a ƙyale su ba: a 1947 aka buɗe gandun ƙasa na Everglades, aka fitar da masu zama a cikinsa.

Shekarun 1950 su ne suka tilasta musu yin baki. A 1950 wasu Seminole mazauna filayen da gwamnati ta keɓe suka shigar da ƙarar neman diyyar ƙasa a gaban hukumar da aka kafa don haka a 1946. Mutanen bakin titi suka ga hatsarin: wanda ya karɓi kuɗi ya yarda ke nan ya sayar. Su ƙasa suke so. Ga kuma manufar 1953 ta majalisar Amurka, ta soke matsayin ƙabilu a mai da su kamar sauran 'yan ƙasa. Dattawan, cikinsu har da Ingraham Billie, suka nemi wanda zai zame musu kakaki. Suka zaɓi wani saurayi, Buffalo Tiger, haifaffen 1920, wanda ya koyi Turanci yana aikin fentin gidaje a Miyami. Aikinsa da farko tafinta ne kawai: ya kai abin da dattawa suka faɗa, ya komo da abin da aka ce, ba ƙari ba ragi.

A watan Maris na 1954 shi da George Osceola da Jimmie Billie suka tafi Washinton da saƙo zuwa ga Shugaba Eisenhower. A kan fatar barewa aka rubuta shi, aka yi masa ado da gashin tsuntsu. Ƙunshiyarsa ita ce ba kuɗi suke nema ba, ba sa son a mai da su Turawa, a bar su da ƙasarsu da al'adarsu. Mutanen da suka yi ƙarni guda suna gudun takarda, ga su sun rubuta tasu, a kan abin da suka zaɓa da kansu. A 1957 aka amince da Ƙabilar Seminole ta Fulorida, Washinton ta ɗauka magana ta ƙare. Jihar Fulorida ta amince da majalisar Miccosukee a wannan shekarar, tarayya kuwa ta yi gum.

Abin da ya buɗe kunnenta ya faru a Yulin 1959. Tiger ya jagoranci tawaga zuwa Kyuba, watanni kaɗan bayan juyin juya halin Fidel Castro, gwamnatin can ta karɓe su a matsayin al'umma mai 'yanci. A tsakiyar yaƙin cacar baka, wannan abin kunya ne da Amurka ba ta iya haɗiyewa ba. Kamar yadda Tiger ya riƙa ba da labari daga baya, bayan dawowarsu ne jami'ai suka fara nemansa, da sharaɗin a yanke hulɗa da Kyuba. Aka rubuta kundin tsarin mulki, aka amince da shi a farkon 1962, Tiger ya zama shugaba na farko, ya riƙe kujerar har 1985. Ba kowa ne ya bi ba. Wasu iyalai sun ƙi shiga rajistar kowace ƙabila, suna ganin ko wannan ma sallamawa ce, kuma zuriyarsu na nan a fadamar a matsayin masu zaman kansu.

Tsarin da aka kafa hawa biyu ne. Babbar majalisa ta ƙunshi duk ɗan ƙabila da ya kai shekara 18, ita ke da iko na ƙarshe. Ƙarƙashinta akwai majalisar gudanarwa ta mutum biyar da ake zaɓa duk shekara 4: shugaba, mataimakinsa, sakatare, ma'aji, da mai kula da doka. Zama ɗan ƙabila har yanzu ta wajen uwa ne. Nan ne muhimmancin abin yake: sun ari sigar ofis daga waje, amma ba su bari ta taɓa tushen dangantakarsu ba. A 1971 suka ƙulla yarjejeniya da hukumar tarayya mai kula da harkokin 'yan asalin ƙasa, suka karɓi ragamar makaranta da sauran ayyukan da ita ke yi musu. Sun riga dokar 1975 da ta buɗe wa sauran ƙabilu wannan hanya da shekara huɗu.

Ƙasa ta zo da kaɗan-kaɗan. Da farko siririn fili ne mai eka 333 a bakin gandun ƙasa, da izinin aro. Sulhun 1982 ya ba su hayar dindindin ta eka 189,000 na fadama, dokar 1998 ta tabbatar musu da mazauninsu na bakin titi ta kuma faɗaɗa shi. Kuɗin shiga ya samu daga gidan caca da suka buɗe a titin Krome a 1990, da otal ɗin da ya biyo baya a 1999.

Mafi yawan masu neman wannan gwamnati a yau hukumomi ne, kuma a kan ruwa ne. Takin gonakin rake yana kwararo sinadarin fosforos cikin fadama, yana sauya ciyawarta, madatsai kuma suna tara ruwa ya nutsar da tsibiran da kakanninsu suka zauna. Ƙabilar ta kafa nata ma'aunin tsabtar ruwa, fosforos kashi 10 cikin biliyan, hukumar kare muhalli ta tarayya ta amince da shi a 1999. Ƙarar da ta kai hukumar ruwa ta kudancin Fulorida kan wani famfon tura ruwa ta je har Kotun Ƙoli a 2004. Umarnin shugaban ƙasa na shekarar 2000 ya wajabta wa ma'aikatun tarayya tuntuɓar ƙabilu gwamnati da gwamnati kafin su yanke abin da ya shafe su, ma'ana takarda ta je ofishin shugaba, ba a tari wani a hanya a ce an ji ta bakin ƙabila ba. A 2025, ƙarƙashin shugabancin Talbert Cypress wanda aka zaɓa a 2021, ƙabilar ta shiga ƙarar da aka shigar kan sansanin tsare baƙin haure da jihar Fulorida ta gina a wani filin jirgi cikin dajin Big Cypress, kusa da ƙauyukansu da wuraren bikinsu.