Gonar Ruma da Ayoyi Biyu na Karin Magana

'Yan'uwa matasa, akwai ayoyi biyu a Littafin Karin Magana da suka daɗe suna ɗaure mana kai. Sura 10 aya 4 tana koya mana cewa ƙwazo yana kai mutum ga wadata, ragwanci kuma ga tsiya. Amma a sura 13 aya 23 sai mu tarar da talakan da gonarsa ta yi albarka, rashin adalci ya zo ya kwashe. To, wacce za mu kama? Ga mu da muke da iyaye da dangi a Batsari da Safana, tambayar ta shafi tuwon gidanmu. Bari mu waiwayi tarihin ƙasar.

A farkon ƙarni na 19, bayan jihadi, gidan sarautar Katsina na dā ya koma arewa ya kafu a Maraɗi. Daga can, shekara da shekaru, mayaƙa suna biyo dajin yamma suna kwasar mutane da dabbobi. Har yau ana tuna Ɗanbaskore, sarkin Maraɗi, da kuma Ɗanwaire, jarumin Ruma da ya tsaya tsaron yankin. A 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya bi ta Zakka zuwa Zurmi, ya kuma ba da labarin irin fargabar da ayari ke ciki in zai ratsa dajin. Manomin wancan zamani ba rago ba ne. Ya yi huɗa, ya yi noma, wani ya ci.

Bayan Turawa sun karɓi Katsina a 1903, hare-haren suka lafa. Mutane suka sake sare daji, ƙauyuka suka tsiro, gero da dawa da gyaɗa da rogo suka cika rumbuna da kasuwanni. A nan kakanninmu suka ga Karin Magana 10:4 da idonsu: wanda ya riƙe fartanya da gaske ya aurar da 'ya'yansa daga gumin goshinsa.

A zamaninmu kuma masifa ta sake fitowa daga dajin Rugu. A Fabrairu 2020 'yan bindiga suka kashe kimanin mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin Batsari. Ranar 18 ga Afrilu ta shekarar aka kashe 47 a ƙauyukan Safana da Dutsin-ma da Ɗanmusa. A 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin dabbobi, aka kuma katse layukan waya, mai neman halal ma ya ji a jikinsa. Yawancin waɗanda abin ya ci maƙwabtanmu Musulmi ne, manoma da makiyaya.

Ƙasa ɗaya ce, ƙwazo ɗaya, amma sakamako ya bambanta. Ke nan ayoyin ba su yi karo da juna ba. Ta farko tana faɗin yadda Allah ya tsara aiki ya ba da amfani; ta biyu tana faɗin ɓarnar da zunubin mutum yake yi wa wannan tsari. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba. A Littafin Mahukunta sura 6, Madayanawa sun yi shekara 7 suna lalatar da amfanin gonar Isra'ila, har Gidiyon ya koma sussukar alkama a ɓoye. A wurin aikin nan mala'ikan Ubangiji ya same shi. Asaf ma, a Zabura 73, ya yarda cewa saura kaɗan ya faɗi don ƙyashin arzikin mugaye, sai da ya shiga Haikali ya gane ƙarshensu.

Saboda haka kada mu jefi ɗan gudun hijira da 2 Tasalonikawa 3:10. Bulus yana tsawata wa wanda ya ƙi aiki ne. Wanda aka kora daga gonarsa ba ya cikin wannan magana. Abin da ya kamace mu shi ne abin da masu bi na Antakiya suka yi a Ayyukan Manzanni 11: kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa.

Kada kuma yunwa ta sa mu ce gaskiya ba ta biya. Jarabar tana nan kusa: saniya mai arha da ba a san mai ita ba, jarkar fetur da za a kai bakin daji, 'yan kuɗi don a faɗi wanda ya sayar da hatsi. Duk wanda ya karɓa ya zama hannun da ke kwashe gonar talaka. Afisawa 4:28 ta nuna mana dalilin aiki: mu ci halal, mu kuma sami abin ba mabukaci.

Dajin nan ya taɓa komawa gona bayan shekarun tsoro. Ya Ubangiji, ka sake yin haka, ka kuma same mu da hannu mai tsabta a ranar. Amin.