Kanta da Toga: Ma'aunin Sarauta a Kirari da Tarihin Kabi

Abin da muke so mu duba a nan shi ne yadda adabin baka da rubutaccen tarihi suke auna girman sarki, kuma mun ɗauki ƙasar Kabi ta zama misali.

Kirarin Muhammadu Kanta yaƙi ya sa gaba, wato jarunta da gagara da rashin tsoro. Tarihi bai ƙaryata wannan ba. Al-Sa'di ya faɗa a cikin Tarikh al-Sudan cewa Kanta ya yi wa Askiya Muhammadu na Songhai tawaye wajen 1516, bayan yaƙin Agadas, saboda saɓani a kan rabon ganima. Amma in muka tsaya kan kufan Surame, sai mu ga wata siffa wadda maroƙa ba su cika damuwa da ita ba. Ganuwar dutse irin wannan ba ta ginuwa sai da mai iya tara jama'a, ya ciyar da su, ya raba musu aiki shekara da shekaru.

Bayan da Birnin Kabi ta faɗa hannun Abdullahi ɗan Fodiyo a 1805, Kabawa suka sake kafa sarautarsu a Argungu. Yakubu Nabame, wanda ya daɗe a tsare a Sakkwato, ya ta da tutar tawaye a 1849, aka kashe shi a fagen fama a 1854. Sama'ila kuwa, wanda ya hau gadon sarauta a 1883, har yau da yaƙi ake tuna shi. Waɗannan su ne abincin makaɗa.

Tsakaninsu akwai Abdullahi Toga, wanda ya ƙulla amana da Sakkwato a 1867. Zaman ya ɗore kamar shekara takwas, manoma suka koma fadama, fatake suka sami hanya. Abin lura shi ne jama'a ba su manta ba, don kuwa sun raɗa wa zamanin suna Lafiyar Toga. A ganinmu wannan suna shaida ce mai nauyi, ko da yake ba makaɗin fada ne ya tsara ta ba, kuma manazarta adabi sun yi sakaci da irinta.

Sulhu mai ɗorewa bai samu ba sai a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa kamun kifi a Matan Fada.