Lissafin masu ɗinkin bargon ƙyalle

A shekarar 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, wata mata mai suna Jane Stickle da ke garin Shaftsbury a jihar Vermont ta kammala wani bargo. A kusurwa guda ta ɗinka sunanta da zare, da shekarar, da bayanin cewa lokacin yaƙi ne, sannan ta ƙara da adadin ƙyallayen da ta harhaɗa: 5,602. Tsakiyar bargon gidaje 169 ne, wato ƙananan murabba'ai, jeri 13 sau 13, kowane gida da nasa fasalin. Ni 'yar tela ce, na tashi ina share ƙyalle a ƙarƙashin keke, shi ya sa adadin nan ya fi kama ni fiye da kyan bargon. Wadda za ta iya faɗin wannan lissafi ta san inda kowane guntu ya shiga.

Irin bargon da nake magana a kai hawa uku ne. Akwai fuska, wadda ake haɗawa da guntayen yadi, akwai auduga a tsakiya, akwai yadin baya. Sai a bi duka ukun da ɗinki don kada audugar ta dunƙule wuri ɗaya. Duk wanda ya taɓa duba lifidin doki da kyau a hawan salla ya ga dabarar.

Wahalar aikin ba a allura take ba, a lokaci take. Bargo ɗaya yakan ci watanni, wani ma shekaru, matar manomi kuwa a ƙarni na 19 ba ta da yini guda nata na kanta. Ga tatsar shanu, ga girki, ga wanki, ga raino. Saboda haka kusan duk wata dabara da masu wannan ɗinki suka fito da ita, manufarta ɗaya ce: a iya ajiye aiki a tsakiya, a dawo bayan mako uku a ɗora daga inda aka tsaya.

Matan Ingila da takarda suka yi maganin abin. Mace za ta yanka takarda daidai siffar da take so, sau da yawa mai kusurwa shida, ta naɗe ƙyalle a kanta, ta kama shi da babban ɗinki na wucin gadi. In guntayen suka taru sai ta riƙa haɗa bakin wannan da na wancan. Takarda na da tsada a lokacin, don haka tsofaffin wasiƙu da jaridu da takardun lissafin kanti ake yankawa. Wasu ba su cire takardun ba, kuma da su ne masu bincike ke gane shekarun bargo a yau. Akwai wani na siliki mai ɗauke da shekarar 1718 a hannun ƙungiyar masu wannan ɗinki a birnin York, takardunsa na nan a ciki. Ko marubuciya Jane Austen, a wata wasiƙa ta 1811, tambayar yayarta Cassandra take ko ta tuna ta tattaro musu ƙyallaye, domin aikinsu ya tsaya cik. Waɗannan fa ba matalauta ba ne. Labarin da ake yawan bayarwa cewa talauci ne ya haifi sana'ar bai cika daidai ba, don barguna na farko-farko da suka rage yawanci daga gidajen masu hali suka fito.

A Amurka abin ya bazu ne daga wajen shekarun 1840, lokacin da masaƙun zamani suka sa yadin auduga mai zane ya yi araha. Nan ne tsarin gida-gida ya kafu, kuma a ganina ita ce dabarar da ta fi kowace. Maimakon mace ta baje katafaren yadi a ɗakin da ba shi da fili, sai ta ɗinka murabba'i ɗaya ƙarami. Tana da samfur na kwali ko na gwangwani. Ta ɗora a kan yadi, ta zagaye da fensir, ta yanka. Guntaye masu siffa ɗaya ta soke su da allura ta tsakiya, su jeru a zare guda, don kada yaro ko iska su watsa su. Kayan gida ɗaya ba su fi cikin ƙaramin kwando ba. Ta yi ɗinki a bakin murhu, jariri ya farka ta ajiye. Ranar da gidaje suka kai talatin ko arba'in sai ta shimfiɗa su a kan gado ta ga wanne zai zauna kusa da wanne.

Haɗa fuska aikin mutum ɗaya ne, amma ɗinke hawa ukun yakan zama gayya. Ana ɗaure bargon a jikin katakai huɗu, mata su zauna kewaye, kowa ta ɗinka iya inda hannunta ya kai, sannan a naɗe gefen a matso ciki. A ƙananan gidajen kudancin Amurka da igiya ake rataye katakan a rufin ɗaki, in dare ya yi a ja su sama a sami wurin kwana. Mai gida takan tara fuska biyu ko uku a akwati kafin ta kira gayya, kuma ba duka ne suke samun zuwa kan katako ba. Har gobe ana sayar da tsofaffin fuskokin bargo a kasuwannin kayan da, waɗanda masu su suka rasu ba su ƙarasa ba.

Shekarun 1930, lokacin karayar tattalin arziki, su ne zamanin jarida da buhu. Jaridar Kansas City Star ta fara buga samfurin gidan bargo a 1928, ta ci gaba har 1961, ta buga sama da 1,000. Mata suna yankewa su liƙa a tsohon littafi ko su tara a kwalin takalmi, wasu su yi musaya ta gidan waya. Kowace jarida kuma sai ta laƙaba wa fasali sunan da ta ga dama, har fasali ɗaya ya zama mai suna biyar. Sai daga baya wata mai bincike, Barbara Brackman, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta jera sama da 4,000 a littafi guda. Yadin kuwa, kamfanonin fulawa da na abincin kaji sun gane cewa mata na ɗinka kaya da buhunansu, sai suka fara yin buhun da yadi mai furanni. Magidanci zai tafi sayen abincin kaji da guntun ƙyalle a aljihu, da umarnin kada ya dawo sai da buhu mai irin wannan zanen, ko da yana can ƙarƙashin tari. A 1933 kamfanin Sears ya shirya gasa albarkacin baje kolin duniya na Chicago, aka shigar da barguna sama da 24,000. Wata mata daga Kentucky ta cinye dala 1,000, kuma bayan shekaru masu bincike suka gano wasu mata ta biya suka yi ɗinkin. Ita ma dai ta iya tsara aiki, sai dai ba irin wanda dokar gasar ta nema ba.

Akwai waɗanda ba su bi samfur ba sam. A Gee's Bend, wani lungu da kogin Alabama ya kusa zagayewa, matan baƙar fata jikokin bayi suna yayyaga tsofaffin wandunan aikin gona su haɗa da ido, ba awo ba kwali. Tsarinsu a ka yake, 'ya ta koya a gefen uwa. A 1966 aka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta Freedom Quilting Bee a yankin don a sayar da ɗinkin, kuma manyan kantuna suka nemi kaya iri ɗaya, awo ɗaya. Kuɗi sun shigo, amma ba kowace mace ce hannunta ya yarda da wannan takura ba. Da aka ba ƙungiyar kwangilar rigunan matashin kai na Sears a 1972, ragowar yadin ne matan suka kai gida suka yi barguna yadda ransu ke so. Irin waɗannan na gida ne aka baje a gidajen tarihi na Houston da New York a 2002, ba na kanti ba.

Abin da ya juya al'amarin masu yi don sha'awa shi ne wata 'yar wuƙa mai kewayayyen kaifi da kamfanin Olfa na Japan ya fitar a 1979. Da ita da dogon ma'auni, yankan da ke cin mako ya koma na yamma ɗaya. Fara bargo ya zama da sauƙi, gama shi kuwa yana nan yadda yake. Yadi ya yi yawa, shaguna na sayar da shi a yanke, launi-launi. Mai ɗinki ta yau takan sami aiki goma ko fiye a buɗe, kowanne a akwatin roba mai murfi, da samfurinsa da zarensa da 'yar takarda mai nuna inda aka kwana. Wasu na da littafi, wasu manhaja a waya. Ƙungiyoyinsu ma sukan sa kowa ta rubuta jerin ayyukan da ta bari a farkon shekara, a riƙa zaɓar lamba ɗaya duk wata a ce ita za a gama.

Bargon Jane Stickle ma ya shiga wannan sahu. Tun da Brenda Papadakis ta fitar da littafi a 1996 mai ɗauke da samfurin kowane gida, mata a ƙasashe da dama ke kwaikwayonsa, da jadawali a bango suna shafa wa gidan da suka gama launi. Da yawa sukan yi shekaru ba su kai rabi ba, alhali suna da keken lantarki da fitila da wuƙar Olfa. Ban ga laifinsu ba, amma ban yarda akwatin roba ya fi zaren da ake soke guntaye da shi ba. Bargon Jane na asali yana gidan tarihi na Bennington a Vermont, kuma makonni kaɗan kawai ake fito da shi a shekara saboda haske na cin yadin.